Kwanon da Ba Tuwo

Litinin, 8 ga Satumba, bayan La'asar

Na dawo daga Sakkwato. Jinina ya dace da na Muzzammil. Sai da likita ya faɗa sau biyu, don karon farko ina kallon takalmina ne, ban ji ba. Cikin guda biyun nan da Allah ya ajiye wa kowa a ƙugu, ɗaya daga nawa zai iya zama a jikin ƙanena, ya raba shi da injin da ke wanke masa jini sau biyu a mako. Ba na son rubuta sunan abin. Da na yi niyya sai in ji sanyin wuƙa a bayana.

Ina cikin hamdala likita ya dubi tumbina ya yi gyaran murya. Ya ce, "Malam Sirajuddeen, ba zan taɓa ka da wannan kayan ba. Ka sauke kilo goma sha biyu, hawan jininka ya kwanta, sannan mu sa rana." Na ce zuwa yaushe? Ya ce wannan tsakanina da bakina ne, amma in sani jikin mara lafiya ba zai yi ta jirana ba.

Shekara ashirin ina ginin tumbin nan, da furar mahaifiyata Inno da tuwon matata Mubaraka da masar ƙofar makaranta. Na san 'yan ajina suna ce mini Malam Randa a bayan idona, kuma ban taɓa jin haushi ba. A Gwandu ai ƙiba shaida ce cewa gidan mutum lafiya lau.

Muzzammil ya sa na rantse kada Inno ta ji. Babanmu da ƙafarsa ya shiga ɗakin tiyata, a rufe aka fito da shi, kuma tun ranar ko allura ba ta yarda a yi mata. Ta san autanta ba shi da lafiya, ciwon kumburi take ce masa. Mubaraka kaɗai na gaya wa.

Laraba, 10 ga Satumba, lokacin tara a makaranta

Madam Lidiya, malamar kimiyya, 'yar Zuru, ta gan ni na wuce mai masa ban tsaya ba, ta ce ko azumi nake? Na ce likita ne ya ce in rage jiki saboda hawan jini. Ban ƙara komai ba. Ta ciro wayarta ta nuna mini wata hanya da ta ce Turawa na yayi: mutum ya koma cin abincin mutanen farko, waɗanda suka rayu kafin a san noma da kiwo. Ba hatsi, ba sukari, ba nono, ba wake. Nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace, wato abin da za ka iya kamawa ko ka tsinka. Ta ce yayanta ya yi, har wandunansa suka daina zama.

Na ce ashe Turawa sun je wata sun dawo sun gano zogale.

Na buga wa likita. Ya ce ba laifi, amma kada in cika nama da gishiri, in sha ruwa sosai, in riƙa tafiya a ƙasa. Gobe zan zama mutumin dauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Ƙwan zabi dafaffe da gauta. Mubaraka ta ajiye mini ta tsaya tana kallo kamar ta kawo wa baƙo ruwan wanke hannu kawai. Ta ce, "Malam, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta yi dariya, ta shiga madafa, na ji dariyar ta koma wani abu.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan Isha'i

Ban yi tunanin ƙofar gida ba sai da lokacin ya zo. Mu uku muke ciyayya tun zamanin iyayenmu: ni da Lawali mai albasa da Garba tela. Bayan Magariba kowa a fito masa da kwano, a haɗa a tabarmar ƙofar gidana, a ci na kowa. Ba a tsallake kwanon wani. Wanda ya tsallake, ko yana fushi da kai ko yana zargin hannun matarka.

Aka buɗe nawa: tarwaɗa gasasshiya da dafaffen zogale. Lawali ya leƙa ciki, ya ɗaga kwanon ya duba ƙarƙashi.

Ya ce, "Malam, ina tuwon? Ko shina tahe baya?"

Na ce likita ya hana ni.

Garba ya ce, "Likita ya hana tuwo? To mi ya bar maka, iska?"

Suka yi dariya, suka cinye mini kifi tas, suka turo mini nasu. Tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Na ce alhamdulillahi na ƙoshi, na janye hannu. Da aka kira salla muka tashi.

Lahadi, 14 ga Satumba, da rana

Yunwa ba kanwar lasa ba ce.

Talata, 16 ga Satumba, bayan Asuba

Na yi mafarkin masa. Kasko guda, da miyar taushe. Na farka ina tauna.

Kullum da azahar Inno takan aiko mini ƙwaryar fura da ta dama da hannunta. Ba a mayar wa uwa ƙwarya a cike. Mubaraka ce ke shanyewa a ɗaki, ta wanke ta mayar. Ta ce in aka daɗe a haka ita za a kai wa likita.

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

Na je Kalgo. Kusa da shagon da Muzzammil yake gyaran injin ban-ruwa, wanda yanzu yake kulle, akwai Zubairu mai awon shinkafa. Na jira aka sauke buhu, na cire takalmi na hau sikelinsa. Manoma suka zagaye ni. Wani ya ce, "Wanga buhun nawa za a saye shi?" Zubairu ya karanta, na lissafa da abin da likita ya rubuta. Kilo uku sun tafi!

Uku! Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Da ba don girma ba da na taka rawa a tsakiyar kasuwa.

Na shiga gidan Muzzammil na gaya masa. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, matarsa Safiya tana yi masa fifita. Ƙafafunsa ba zan rubuta yadda suke ba. Ruwan da aka yarda ya sha a yini bai cika kofin shayi biyu ba, domin abin da ya shiga ba ya fita. Rabonsa da ya kewaya ya yi bawali kamar kowa tun bara. Mutumin da sana'arsa ke nan jawo ruwa zuwa gonakin mutane.

Ya ce, "Yaya, kai an hana ka ci, ni an hana ni sha. In anka haɗa mu sai a samu mutum guda."

Na ce ai abin da ake shirin yi ke nan. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Na ajiye mashin. Da ƙafa nake zuwa makaranta, da asuba kuma in bi hanyar Masama in dawo. Matsalar ita ce mutanen kirki. Duk mai mashin da ya gan ni sai ya tsaya: "Malam, hau mu tahi." In ce ina motsa jini ne. Su dube ni, su dubi takalmina, su ce Allah ya kawo sauƙi.

Ɗinya ta fara nuna a bakin hanya. Na cika aljihu. Na ga yaɗiya a jikin wata ƙaya na tsinko ta ma, tunda mutanen farko ba su da mai masa.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan La'asar

Inno ta tarar da Mubaraka tana gyaran yaɗiyar a faranti. Ta tsaya kanta.

"Wa za shi cin wanga?"

"Malam ne, Inno."

Ina zaune a bakin ɗaki ina duba jarrabawa. Ni ɗan fari ne, Inno ba ta kama sunana, ba ta ma cika dubana kai tsaye ba. Ta juya wajen bango ta yi magana, amma da ni take.

Ta ce, "Shekarar da munka ci wanga, ba don marmari munka ci ba. Shi da tahwasa da ƙwallon aduwa. Ƙannena biyu munka ruhe shekaran nan. Na yi ma Allah alkawali ɗiyana ba su cin shi ina raye. Rumbu cike, saniya na tatsa, sai a kawo min abincin yunwa cikin gida?"

Na ce magani ne, Inno. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda yunwa ta zama magani ba. Ta dubi Mubaraka sama da ƙasa ta wuce.

Ban ci yaɗiyar a tsakar gida ba. A ɗaki na ci, kamar ɓarawo, kuma ba daɗi gare ta ba.

Asabar, 27 ga Satumba, da yamma

Biyar da rabi. Na ƙara ɗaure tazuge. Na hau tudun bakin kasuwa ban yi haki ba. Ni ne, Malam Randa!

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan Isha'i

Lawali bai wanke hannu ba yau. Ya zauna ya harɗe, ya ce yana da magana.

"Malam, tun muna yara kake cin tuwon gidanmu. Tsohuwata ta ba ka, matata ta ba ka. In wani abu kaj ji game da gidana, hwaɗa min. Uwar ɗiyana kwana biyu tana kuka, ta ce ko an ce maka ta sa wani abu cikin miya."

Na rantse masa ba haka ba ne. Ya ce rantsuwa ba ta share hawayen mace, ya turo kwano. Na ce a raina loma ɗaya ba ta kisa. Tuwon sabon gero ne, na farkon shekara. Loma ɗaya ta kira 'yar'uwarta. Garba ya ce ai ba za a ci na Lawali a bar nasa ba. Sai da na ga gindin kwano biyu.

Lawali ya tafi gida yana murna. Ni kuma na zauna a zaure ina jin nauyin cikina, ina tuna kofin shayin nan na Kalgo.

Asabar, 4 ga Oktoba, da yamma

Sikeli bai motsa ba. Na ce wa Zubairu ya duba ko ya lalace. Ya ɗora buhu ya nuna mini lafiyarsa ƙalau.

Safiya ta biyo ni har ƙofa ta ce ranar Alhamis sai da aka cire shi daga injin kafin lokaci. Ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan Magariba

Na koma kan kifina da ganyena. Na ce musu ko za su yanka ni ba zan ƙara ba. Lawali da Garba suka dubi juna. Wannan karon ba su yi gardama ba, har Garba ya ce, "Allah shi rufa asiri, Malam," da wata irin murya mai taushi da ban gane ba.

Fara ta shigo kasuwa. Na sayi mudu. Ga daɗi ga halal ga tarihi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

Ƙwaryar Inno ta ƙara girma, kuma furar tana ƙanshin saiwa. Mubaraka ta ce wannan kam ba za ta sha ba, don ba ta san me zai fito mata ba. Matan unguwa sun fara tambayarta ko lafiya maigidanta yake zubewa haka. Wata ta ce mata mace tagari a wuyan mijinta ake ganinta.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Dole in rubuta wannan.

Da safe na buɗe zaure na tarar da damman gero jingine da bango. Shida. Na ɗauka 'yan aikin gonata ne suka kawo da wuri, sai na ga ɗaurin ba irin namu ba ne. Ina tsaye Garba ya leƙo, ya ƙi haɗa ido da ni, ya ce, "Malam, hakkin Allah ne, ba na kowa ba. Kada ka ce komi." Ya juya da sauri.

Zakka. Ni aka kawo wa zakka. Ni da kowace kaka ake jira a ƙofata a karɓa.

Ashe unguwa ta gama shari'ata ban sani ba. An ce jinyar Muzzammil ta cinye ni. An ce na sayar da mashin, shi ya sa nake yawo a ƙasa. An gan ni ina tsintar ɗinya da yaɗiya. An ce ɗan hatsin da ya rage na bar wa iyali, ni ina cin ganye, kuma ba na cin tuwon maƙwabta ne don ba ni da abin ramawa, ga ni da kunya. Kowace magana ta zauna daram, sai dai duk ƙarya ce.

Inno ta fito ta gani. Ba ta tambayi ko mene ne ba, ta fi ni sanin ɗaurin zakka. Ta koma tsakar gida ta kira Mubaraka, ba da ƙarfi ba.

"Gidan ga tun kakan mijinki ba a taɓa ajiye mai sadaka ba. Ke kika riƙe madahi, ke kika riƙe makullin rumbu. Namiji ya shigo hannunki kamar bijimi, kin maishe shi abin tausai. Ɗauki mayahinki ki tahi gidanku ki huta, ni in ciyar da abina."

Mubaraka ta san komai. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Ba ta faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta sako hijabi, ta fito tana neman takalminta, hawaye yana ɗiga a kan hijabin.

Nan na karya rantsuwa. Na durƙusa gaban Inno na ce ba laifin Mubaraka ba ne. Na ce ciwon Muzzammil ba kumburi ba ne, ƙodarsa ce ta mutu, duka biyun. Na ce zan ba shi tawa ɗaya, likita kuma ya ce sai na sauke tumbi. To, ga shi na rubuta sunan.

Inno ta lalubi turmi ta zauna a kai.

"Wa za a yanka?"

"Mu biyu, Inno."

"Rana guda?"

"Rana guda."

Ta tashi ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa. Mubaraka ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Ban je Kalgo ba. Na buga wa Muzzammil na gaya masa. Ya ce, "Ta ci abinci?" Na ce a'a.

Sai na yi kaffarar rantsuwa. Ciyar da miskinai goma. Gero dai ga shi nan a zaure, sai dai ba nawa ba ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da rana

Inno ba ta yi magana ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan Magariba

Da asuba na fito na same ta zaune a zaure da mayafinta da 'yar jakarta. Ta ce wa bango, "A kai ni in ga injin." Na aika makaranta cewa ba ni zuwa.

Mun sami Muzzammil a Birnin Kebbi an riga an ɗaura masa. Ban taɓa son ta ga wannan ba. Ta tsaya a bakin gado tana bin robar da ido, inda jinin yake fita daga hannunsa ya shiga injin, ya zagaya ya komo. Ta daɗe. Muzzammil ya ce, "Inno, ba zahi." Ta ce, "Yi min shiru." Ta zauna ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta ta riƙe har aka gama.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Tana kallon taga ta ce, "Nawa ya rage?"

Na ce shida da rabi.

Ta ce, "Kai dai tun kana goye ka cika ci."

Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da azahar

Ƙwarya ta zo. Na buɗe, ɗinya ce cike, an wanke ta ɗaya bayan ɗaya.

Inno ba ta san ba da haƙuri ba, kuma ba yanzu za ta koya ba. Ta sami Mubaraka tana daka, ta karɓe taɓaryar daga hannunta ta ce, "Je ki zamna, ɗiyata, kin gaji." Mubaraka ta zo ta gaya mini tana dariya tana share ido.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Isha'i

Tunda Inno ta ji, ba sauran wanda ake ɓoye wa. Na gaya wa Lawali da Garba. Na kai su bayan gida na buɗe musu rumbu, na nuna musu mashin a rufe da buhu.

Garba ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Lawali kuwa fushi ya yi. "Kana kallo munka bi gida gida muna roƙa maka zakka! Ni da bakina nac ce ma liman ka kwana biyu ba ka ci ba! Kuma kab bari na ɗura maka tuwo, yaron ga na kwance!" Sai muryarsa ta karye. Shi ya koya wa Muzzammil hawan keke.

Na ce yanzu ya za a yi da geron? Mayarwa cin fuska ne, ci kuma haram ne a gare ni. Lawali ya ce, "Wa ya yi noma gidan Muzzammil bana? A kai Kalgo. Can ya dace tun hwarko, mu ne idonmu ya tsaya ga tumbinka."

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan Isha'i

Aka buɗe kwano uku a ƙofar gida. Nawa kifi da rama. Na Lawali zabo da kabewa. Na Garba ƙwai da wani ganye da shi kansa bai san sunansa ba. Ko ƙwayar hatsi babu.

Lawali ya ce, "Mu ma mun koma mutanen dauri. Ba a cin tuwo tabarmar ga sai ran da anka sa rana."

Na ci na kowa. Ban iya cewa na gode ba, sai na yi ta yabon zabon.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Takwas! Zubairu yanzu da ya hango ni yake korar masu buhu: "Ku dakata, ga Malam." Manoman da suka yi mini dariya su ne ke leƙa allurar sikelin kafin ni. Zancen duniya ba ya ɓuya, duk Kalgo ta ji. Wani masunci da ban sani ba ya damƙa mini karfasa biyu a leda ya tafi bai ko tsaya godiya ba.

Muzzammil ya rame ta sama, ya kumbura ta ƙasa. Ya yi barci ina magana.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan Isha'i

Garba munafuki ne. Yana cin ganye da mu, ya koma gida ya ci tuwo. Na ji ƙanshin daddawa a hannunsa da muka gaisa a masallaci. Ya ce turare ne. Lawali kuwa da gaske yake, har matarsa ta aiko tana tambayar Mubaraka yaushe za a sakar mata miji.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Rabin kilo kawai. Me kuma zan bari? Numfashi?

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Asuba

Inno ta hana ni aya da zuma. Ta ce ta lura ina ci kamar gara. Ta ƙara mini tafiya: in kai Dalijan in dawo ranar da ba makaranta. Madam Lidiya ta ce ko a wayarta ba a tsananta haka ba. Na ce ai wayarta ba ta haife ni ba.

Garba ya rage mini riguna biyu. Ya ce yadin da ya cire zai yi wa yaro kaftani.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

Goma sha ɗaya. An kwantar da Muzzammil a asibiti jiya. Safiya ta ce yana tambayata.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, a mota, hanyar dawowa daga Sakkwato

Na hau sikelin likita da 'yar shara da wando, har hula na cire. Ya duba, ya sa na sauka na sake hawa. Ya auna jinina hannun dama da na hagu. Ya zauna ya yi ta rubutu, ni kuwa zuciyata kamar ana sussuka.

Ya ɗago ya ce, "Malam, me ka ci haka?"

Na ce, "Abin da kakanninka suka ci."

Ya yi dariya ya ce sauran gwaje-gwaje ne kawai, in sun yi kyau za a yi aikin ranar Talata ta sama. Goma sha biyu da ɗori! Na fito harabar asibiti na yi sujada a kan siminti, mutane suna ratse ni. Na buga wa Lawali, ban gama magana ba na ji yana kwaɗa wa Garba kira ta kan katanga. Na buga wa Mubaraka ta ba Inno. Inno ta ce, "To." Sai na ji ta ce wa Mubaraka a kama zakaran nan a kai gidan liman.

Na ci tumbi da yaƙi. Ni Sirajuddeen ɗan Abdulgani, da ganye da fara.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan La'asar, a gadon asibiti

Gobe da safe. An hana ni ci daga yanzu, nas tana ba ni haƙuri. Na ce baiwar Allah, kin makara.

An bar ni na leƙa Muzzammil. Ya ce, "Yaya, in kana son ka hwasa, wallahi ban riƙe ka." Na ce bayan na ci yaɗiya? Ya kama hannuna bai saki ba sai da aka kore ni.

Tsoro nake ji. Na rubuta, kuma ban ji kunya ba.

Inno tana waje a kan tabarma da carbinta. Ta ƙi shigowa, ta ƙi tafiya masauki.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da hantsi

Ina raye. Gefena kamar an ɗaure mini dutse, rubutun ma a karkace yake.

Muzzammil ya yi fitsari.

Mubaraka ce ta kawo labarin, don ni ba a bar ni na tashi ba tukuna. Ta ce an sa shi a ɗakin da ba a shiga, sai ta gilashi ake ganinsa. Akwai wata jakar roba rataye a gefen gadonsa, tun ranar Talata take cika ana juyewa tana sake cika. Safiya tana gani ta durƙushe a wurin.

Jiya da yamma Inno ta yarda ta shigo. Matar da ko kalmar fitsari ba ta taɓa furtawa a gabanmu ba ta manna fuska a gilashi, ta yi wa nas alama da hannu ta ɗaga mata jakar. Nas ta ɗaga. Inno ta daɗe tana kallo. Wata mai jinya da ke wucewa ta tsaya ta ce, "Iya, na ɗanki ne?"

Inno ba ta juyo ba. Ta ce, "Na ɗiyana na, su biyu."

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni, sannan na juya wajen bango na yi kukana.